Na Fara daga Kashi na Huɗu

Bakina ne ya jawo min, kamar yadda ya saba. Ina karatun digiri na ƙarshen mako a nan Potiskum, irin wanda mu malaman firamare muke shiga bayan furfura ta fara leƙowa. Wata Asabar malamin da ke koya mana adabin yara ya ce kowa ya zaɓi littafin da ya fi so yana ƙarami, ya sake karanta shi, ya zo gaban aji ya faɗi abin da ya gani a ciki. Wani hedimasta da ke zama kusa da taga ya ce shi yana ƙarami noma ya yi, ko za a yarda ya sake noman ya zo ya ba da labari. Ni kuwa tun Malam bai rufe baki ba hannuna ya kai sama.

Na ce akwai wasu littattafan Turanci guda huɗu, labarin wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, a wata ƙasa da koguna ke tashi su yi ƙaura kamar makiyaya. Na ce na uku zan ɗauka, kuma har na san a kan me zan yi magana. Tuba. Mugun mutum ya ci amanar yara, ya sha wuya, ya dawo ya gyara halinsa.

Malam ɗan tsoho ne siriri, Hausarsa da muryar Barebari a ciki. Ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Malama, yaushe rabonki da littafin?"

"Shekara ashirin da bakwai, Malam. Amma ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi."

"To ba wanda zai tashe ki. Ki je ki karanta."

Ya rubuta "tuba" kusa da sunana, ya ba ni mako uku.

Ya kamata in faɗi yadda littattafan nan suka shigo gidanmu. Kawunmu, ƙanin Inna, tsire yake sayarwa a bakin kasuwar shanu, kuma takardar naɗe nama a buhu take zuwar masa daga Kano: tsofaffin jaridu, takardun jarrabawa, littattafan da wasu suka gaji da su. Yayata, wadda ta ba ni shekara shida, ta kai masa abinci wata rana sai ta hangi guda huɗun nan a bakin buhu. Bangunansu sun riga sun bi tsire, sauran ma kwana ɗaya ya rage musu. Ta naɗe su a gefen zani ta taho da su gida, suna ƙanshin ƙuli-ƙuli da yaji.

Mu biyar ne masu karatu a gidanmu na unguwar Ngojin: Yaya, 'ya'yan Kawu mata biyu, ni, sai wata 'yar maƙwabta da na girma da wata uku kuma ban taɓa barin ta ta manta ba. Littafi ɗaya, mutum biyar, ba mai haƙurin jira. Sai Yaya ta yi abin da 'yan makarantar kwana suka koya mata. Ta sa reza ta tsaga littafin gida biyar ta ƙashin bayansa, ta ɗinke kowane kashi da zaren kitso, ta raba mana bisa girma. Ita ta ɗauki na ɗaya, ni na huɗu ya faɗo min. In aka gama, kowa ta miƙa wa wadda ta girme ta, Yaya kuma ta jefa nata ga ƙaramarmu. Haka abin ke zagayawa har kowa ta ga komai. Doka ɗaya ce: ba a ba da labari sai kowa ta gama, wadda ta karya kuma wanke-wanken kwana uku nata ne.

Tsari ne mai kyau, kuma har yau ina ganin Yaya ta dace da mulki. Abin da ba wanda ya zauna ya yi min bayani shi ne, a duk gidan ita kaɗai ke karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe. Shekarata goma, Turancina bai fi na gaisuwa da neman izinin fita ba. Lambobin da ke ƙasan shafi ina ganinsu, amma ban ɗauka da ni suke ba. Abin da aka fara miƙo min, shi ne farkon labari.

Ga yadda littafi na uku ya zo min. Ina buɗewa sai ga wani ƙaton mutum mai kwalekwale yana sanɗa, ya zare wata ƙararrawa daga wuyan ƙaramar yarinyar, ƙararrawar da ake kiran koguna da ita, ya kai wa sarauniyar ƙasar gishiri. Kogi ya tashi ya bar garin, shuka ta bushe. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani, har na sa farce na ƙwaƙule masa ido a hoto. Kashi na gaba, yaran suka sha wahala suka ƙwato ƙararrawarsu, mutanen gari suka kore shi, ya nausa cikin ƙasar gishiri shi kaɗai da sanda a hannu. Na ce Allah ya ƙara.

Sai aka miƙo min kashi na gaba. Shafin farko, ga wani mutum ya yi buɗu-buɗu da ƙura, da sanda a hannu, yana tsaye a ƙofar kakar yaran yana roƙon ruwan sha. Nan take na gane shi. Ya dawo. Yaran suka ba shi ruwa, suka tambaye shi sunansa kamar ba su taɓa ganinsa ba, na ce kai, yaran nan akwai tarbiyya, dubi irin wannan kawaici. Ya gyara wa tsohuwa rufin ɗaki. Ya sassaƙa musu kwalekwale. Ya koya wa babbar yadda ake jin numfashin kogi kafin ya tashi. A shafin ƙarshe da na karanta, ya ɗora ƙaramar a wuyansa yana ƙetare ruwa da ita, ta yi barci ta kifa kai a kan hularsa. Na yi kuka har Inna ta tambayi wa ya dake ni.

Da kowa ta gama aka buɗe bakin magana, Yaya ta ce ba ta taɓa ganin munafuki irin mai kwalekwalen nan ba. Na ce ai ya tuba. Ta ce a gidan wa? Na ce a ƙarshe mana. Ta kai min ranƙwashi a tsakiyar kai, kuma a nan nazarin adabi ya tsaya a gidanmu.

Akwai dalilin da ya sa labarin ya kama ni haka. Lokacin Babanmu ba ya gida. Rakiyar shanu yake yi, irin mutanen nan da ake gani a saman tirela in ta ɗauki kaya ranar kasuwa ta nufi Kudu, suna lura kada wata saniya ta faɗi 'yan'uwanta su tattake ta. Tafiyar mako ɗaya ce, in ta yi tsawo biyu. Ina shekara bakwai ya hau wata tirela, bai dawo ba sai da na kai goma sha ɗaya. Ba wasiƙa, ba saƙo. Direbobi kan ce sun gan shi a wata mayanka can Kudu, lafiyarsa ƙalau. In an kawo wa Inna wannan labari sai ta yi wata magana da yarensu na Ngizimanci wadda ba za ta shiga takarda ba.

Ranar da ya dawo, bayan la'asar ne. Ya tsaya a bakin zaure yana sallama kamar baƙo, ya rame, jakarsa ɗaya. Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Yaya ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuwa na dube shi sai na ji na san wannan wurin, kuma na san abin da ke biye. Na ɗauki moɗa na ɗebo ruwa a randa na kai masa. Tun daga ranar ni ce tasa. Inna ta sauko a hankali, shekara da shekaru, har Allah ya yi mata rasuwa suna tare. Yaya ta yi aure a garin Mamudo, takan zo da Sallah ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya wadda ba abin da za ka cire a ciki, ba kuma abin da za ka samu. Ni ce nake biyawa ta tsohon gidan kullum in na taso daga makaranta, in kai masa abincin rana.

To, wannan ne littafin da na yi alkawari a gaban aji. 'Yata ta nemo min duka huɗun a waya, muka kai wani shagon buga takardu da ke bakin titi, matar da ke wurin ta buga ta ɗaure su da baƙin zoben roba. Na fara da na ɗaya da na biyu don in ɗumama jiki, kuma na sha dariya. Ashe yaran nan ba sa wanka. Kwana arba'in suna tafiya, ba wadda ta tsefe kai, ba wadda ta ce tana son zagayawa. Abincinsu burodi da tuffa, tuffa da burodi, ko miya babu. Kakarsu kuma, wadda a da nake gani tsohuwar arziki, yanzu da na haifi nawa sai na ga ya kamata a kira ta a yi mata faɗa. Wace irin kaka ce za ta ce wa 'yan mata biyu su bi kogi, ta tsaya tana ɗaga musu hannu? Amma daɗin yana nan. Sau biyu girkina yana kamawa.

Ranar Lahadi da hantsi na shimfiɗa tabarma, na ɗauko na uku, na gyara zama kamar mai jiran baƙon da aka daɗe ba a gani ba. Shafin farko: mutum da ƙura, da sanda, yana roƙon ruwa.

Ban yi wata-wata ba na yafa mayafi na koma shagon. Na ce wa matar ta hargitsa min littafi, ta kawo tsakiya ta sa a farko, kuma ba haka ake aiki ba, in mutum bai iya abu ba ya faɗa. Na ɗan ɗaga murya, ba zan ɓoye ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta sa yatsa a ƙasan shafin, ta ce, "Hajiya, wannan ɗaya ne ko?" Ta buɗe na gaba. "Wannan biyu." Ta sake buɗewa. Ta yi niyyar kai ni har ɗari da tamanin. Na karɓe littafina na ce zoben ne bai ɗauru da kyau ba, na fito.

A gida na zauna na karanta shi yadda mai shi ya rubuta. Ashe baƙo ne, shi ya sa yaran suka tambayi sunansa, ba wani kawaici. Ashe tun a shafi na goma sha biyu, yana shan ruwan, idonsa na kan ƙararrawar. Gyaran rufin da ya yi, don ya ga inda ake rataye ta ne. Ɗaukar yarinyar da ya yi a wuya, wurin da na zubar da hawaye, dabara ce don ya ji irin ƙullin igiyar. Daga nan sai sata, sai kora, sai ƙasar gishiri, sai kalmar "ƙarshe" da manyan baƙaƙe. Na juya bayan takardar ko akwai saura. Babu. Na duba littafi na huɗu kaf, ko sunansa ba a sake ambata ba.

Na fara jin haushin marubucin, sannan na Yaya da rezarta, sannan na Kawu da tsirensa. Da na rasa wanda zan ƙara, sai abin ya sauka inda nake gudu. Kashegari na kai wa Baba abinci, yana zaune a inuwar bishiyar maina da rediyonsa, ya yi min murmushin da ya saba, sai na ji ina tambayar kaina me yake kallo. Na ajiye kwanon na ce ina sauri. Kwana huɗun da suka biyo baya aikawa na riƙa yi. Na ji tsoro ƙwarai. Shekara ashirin da shida ina son mutumin nan da zuciya ɗaya, kuma yanzu ban sani ba ko duk abin ya tsaya ne a kan kuskuren rabon takarda.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Mamudo. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta labari tun daga ɗaga hannu har zuwa matar shago. Ta yi dariya har gyaɗa ta zube, ta kira maƙwabciyarta ta katanga ta maimaita mata, suka sake yi tare.

"Yanzu ke duk shekarun nan a baibai kike ɗauke da shi? Kuma yaran mutane kike koyarwa?"

"Laifinki ne, Yaya. Ke kika tsaga."

"Na tsaga, amma ban tsaga miki ido ba. Lamba tana nan a ƙasa."

Na taya ta tsince gyaɗar. Can na ce, ba tare da na dube ta ba, wataƙila dai ita ce mai gaskiya tun farko, ba a kan littafin kaɗai ba. Ta daina dariya. Ta gane inda na dosa, don Yaya ba a yi mata kwana-kwana.

"Ni kar ki sa ni a ciki," in ji ta. "Ni na san shi tun yana ɗora ni a kekensa ya kai ni kallon shanu. Shekara goma sha uku ina da uba, sannan aka ce babu. Ke me kika sani? Kin buɗe ido kin ga ba ya nan. Kowa da inda ta fara."

Ta cika min leda da gyaɗa, ta ce in kai masa, amma kar in ce daga ita ne.

Washegari na tsaya a gaban aji na faɗi gaskiya, tunda ba ni da wata. Na zana da'ira a allo na nuna yadda kashi biyar ke zagaya yara biyar. Aka yi ta dariya, hedimasta har da buga tebur, yana cewa gara shi da ya yi noma, don ba a fara girbi kafin shuka. Malam ya bari suka lafa.

"Ke nan marubucin bai rubuta tuba ba."

"Bai rubuta ba, Malam."

"Amma ke kin karanta."

"Na karanta."

"To sauran ukun fa, masu kashi na biyu da na uku da na biyar? Su wane littafi suka karanta?"

Na ce ban taɓa tambayarsu ba. Ya ce aikina ke nan na gaba, in nemo su in ji, shafi goma. Na so in yi gardama, amma na tuna abin da bakina ya riga ya jawo min, na koma na zauna.

Daga makarantar na wuce gida na zuba abinci, na ɗauka da kaina zuwa Ngojin. Baba yana inda yake, a inuwar maina. Na gaishe shi, na ajiye kwanon da ledar gyaɗa.

"'Yar nan, kwana biyu kin yi wuyar gani."

"Karatu ne, Baba."

"Karatu," ya ce, ya gyaɗa kai.

Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. "Baba, me ya zaunar da kai can shekara huɗu?"

Ya rage muryar rediyo.

"Shekara biyun farko daɗi na ji. Ba zan yi miki ƙarya ba yanzu da na kusa kabari. Ba mai ce min hatsi ya ƙare, ba mai kuka, na ji kamar an sauke min kaya. Biyun ƙarshe kunya ce. Sai in je inda motocin Potiskum ke sauke shanu, in tsaya daga nesa in ga mutanenmu, in juya."

Na so ya ce ciwo ya yi, ko tsare shi aka yi, ko wani abu da zan iya kai wa Yaya. Raina ya ɓaci sosai, kuma na bar shi ya gani a fuskata. Bai kau da kai ba.

"Ranar da na dawo kin ba ni ruwa," ya ce. "Ban taɓa tambayarki dalili ba. Tsoro nake ji ki ce yarinya ce ke lokacin, ba ki san abin da na yi ba."

Na buɗe baki zan ba shi labarin reza da zaren kitso, sai na ga ba shi ne amsar ba.

"Na sani, Baba. Ni nake wanke kwanon da Inna ke zuba maka tuwo kullum ta rufe, har ranar da ta daina zubawa. Na san komai kafin in ɗebo ruwan."

Wata tirela ta wuce can bakin titi, muka saurare ta har ta yi nisa. Baba ya sa bakin rigarsa ya goge ido, ya ce alhamdu lillahi a hankali, sau biyu. Sannan ya jawo kwanon ya buɗe, ya matsa gefe a kan tabarmar ya ce in zauna mu ci. Ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Na wanke hannu na zauna.